Kwalbar Saman Kabad

"Hau kujerar mana, ba za ta karye ba," in ji Ciyaman daga kan gado. "Ta ɗauki waɗanda suka fi ka tumbi."

Na hau. Kujerar ta yi ƙara, gwiwata ta amsa mata. Na laluba saman kabad ɗin, bayan wata matacciyar rediyo da kwalin takalmi, har yatsuna suka taɓo abin da aka aike ni. Kwalbar barasa ce, cike har wuya, ƙura ta yi mata riga. Hatimin murfinta yana nan yadda kamfani ya liƙa shi.

Ciyaman maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa, shekara ashirin da ɗoriya. Makanikin manyan motoci ne, kuma ba a taɓa zaɓensa komai ba. A teburin mashaya ya samo sunan, inda shi ke yanke wanda zai yi magana, da wanda zai yi shiru, da wanda ya kamata a raka gida. Ni ne Sakatarensa. Aikina in tuna da safe abin da aka tattauna jiya, kuma ban taɓa yin aikin nan daidai ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya daina sha. Ranar da aka ba 'yarsa kyauta a makaranta ya je yana tangaɗi yana tafi shi kaɗai, yarinyar ta wuce shi kamar ba ta san shi ba. A hanyar gida ya sayi kwalbar nan, ya ɗora ta can sama, bai buɗe ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Ina so in san inda take." A fannin dainawa dai na fi shi ƙwarewa: shi sau ɗaya ya daina, ni sau bakwai. A wannan karon ina da wata huɗu da kwana tara.

"Yau yarinyar nan za ta iso," ya ce. Muryarsa ta dushe, cikinsa ya kumbura a ƙarƙashin zani, idanunsa sun yi ɗorawa. Tun makon jiya likita ya ce a dawo da shi gida ya huta, duk mun fahimci irin hutun. "Gobe ko jibi ɗakin nan zai cika. Wani sarkin shisshigi zai hau neman wani abu, ya gan ta. Sai a ce har ya mutu bai daina ba. Ni ba zan ji ba. Ita za ta ji."

"In zubar?"

"Yi yadda ka ga dama. Ban da a gidan nan dai, wari zai tona mu."

"To me ya sa sai ni?"

"Sakatare, duk layin nan kai kaɗai ne in an gan ka da kwalba ba wanda zai yi mamaki."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace. Na ba shi ruwa, na cusa kwalbar cikin jakar ofis ɗina tsakanin fayil biyu, na fita.

Gidana ba wurin ajiya ba ne. Uwargida tana jin ƙanshin abin nan ta bayan bango, kuma a karo na shida ta gaya mini, cikin sanyin murya, cewa akwatinta ba shi da wahalar haɗawa. Sai na wuce ofis da ita. A bas na rungume jakar kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai in ji ta ce ƙul.

Ranar kuma, cikin ikon Allah, oga ya kira taro a kan shugabanci nagari. Awa biyu yana bayani a kan muhimmancin sauraron na ƙasa, ba wanda ya samu damar cewa uffan. Jakar tana tsakanin ƙafafuna. In na matsar da ita dama, sai in ga ta yi kusa da ƙafar akantan ofis. In na mayar hagu, sai in ji ta a idon sawuna, da sanyinta. Na kwance agogo na sake ɗaurawa. Na zana kwalba a gefen takarda, na yi maza na mayar da ita fitila.

Ina kallon oga ina tuna Ciyaman. Da ya bar mashaya bai bar mulki ba, kujera kawai ya canza. Ya koma bencin ludo na ƙofar shagon aski, inda talabijin take. Shi ke riƙe rimot. In ana gardama tsakanin masu son ƙwallo da masu son fim, sai ya bar kowa ya yi ihunsa ya gaji, sannan ya kunna labarai, kowa ya yi fushi daidai wa daida. Ya ce shi ke nan adalci. Ba shi da ofis, ba shi da tambari, amma in bai fito ba benci ba ya cika. Oga kuwa in ya yi tafiya, har fankar ofis sai ta fi juyawa da daɗi.

"Ko akwai mai tambaya?" in ji oga, yana tattara takardunsa.

Da aka tashi cin abinci na zagaya bayan ofis, wurin janareta, inda kwata take. Na tsuguna, na ciro ta, na goge ƙurar da hannun riga. Ruwan cikinta ya yi kalar shayi a rana. Dabarar mai sauƙi ce: a buɗe, a tuntsurar, a jefar da kwalba. Sai dai kafin a zubar dole a buɗe, kuma na san mutumin da zai buɗe ɗin, tare muke kwana muke tashi.

Nan take ya fara kawo hujjoji. Wai shekara goma sha ɗaya tana jira, rashin mutunci ne a ba kwata duka. Wai kurɓa ɗaya don girmama Ciyaman ba sha ba ne, gaisuwa ce. Na kama murfin. Yatsuna suka gane shi kafin ni. Bakina ya cika da yawu, janareta tana ta rawa a gefena.

Akwai doka ɗaya da Ciyaman ba ya sassautawa a ludo: ɗan da ka taɓa, da shi za ka tafi, ba fasawa. Sau nawa na sha kashi saboda saurin hannu. Na dubi hannuna a kan murfin, na ga bai juya ba tukuna. Na saki. Kada a ce ƙarfin hali ne. Tsoro ne zalla, na akwatin uwargida da na kaina. Na mayar da ita jaka, na ce gobe zan samo wanda zai zubar ina tsaye daga nesa.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci uwargida ta kira. "Ka dawo," ta ce. "Ciyaman ya cika." 'Yar ta iso ta same shi da rai, ya riƙe hannunta, amma magana ta riga ta ɗauke.

Har makabarta na je da jakar a kafaɗa, don ban san inda zan ajiye ta ba. Mai aski ya dube ni ya ce, "Kai dai da son aiki, Sakatare." Na ce ai haka muke.

Da yamma, mutane sun ragu, aka ce 'yar tana nemana a ɗakin. Ma'aikaciyar jinya ce yanzu a wani gari, doguwa kamar ubanta. Na same ta tsaye a kan kujerar nan, ba takalmi, tafin hannunta duk ƙura.

"Kawu, rufe ƙofar." Na rufe. "Akwai wani abu a nan sama. Babu shi."

Na ce, "Wane irin abu?" Ban taɓa iya ƙarya ba sai in na sha.

"Tun ina shekara sha uku nake hawa kujerar nan in ya fita. Duk zuwan da na yi gida, kafin in kwance kaya sai na duba. In na ga murfin bai motsa ba, sai in iya cin abinci. Bai san na sani ba." Ta nuna mini wurin: zagaye ɗaya fes a tsakiyar ƙura. "Yau na zo babu. Ga shi ba ya magana, balle in tambaya. Kawu, don Allah kada ka rufa masa. Ya sha ta, ko? Da ya ga zai tafi?"

Zip ɗin jakar ya ƙi buɗuwa, sai da na ja sau uku. Na zaro ta daga tsakanin fayilolin, na miƙa mata sama.

Ba ta dubi kwalbar ba, murfin ta duba. Ta bi hatimin da farcen babban yatsa, a hankali, ta zagaye shi har ta dawo inda ta fara. Ta sake zagayawa. Sannan ta zauna a kan kujerar, ta rungume kwalbar, kafaɗunta suna rawa.

"Cewa ya yi in ɗauke don kada ki gani," na ce.

"Baba ke nan," ta ce, tana dariya tana share hanci. "Shugaban da bai san abin da ake yi a gidansa ba." Can ta ɗago ta dube ni irin kallon masu auna zazzaɓi. "Tun safe tana wurinka?"

"Tun safe."

"Kai fa, Kawu, kwana nawa yanzu?"

"Wata huɗu da kwana tara."

"Gobe goma," ta ce, ta miƙo mini ita.

Tana saman kabad ɗina yanzu, bayan kwalin tsofaffin takardu. Na yi wa uwargida bayani tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ba ta kuma taɓa akwati ba. Benci ya koma hannun mai aski, kullum ƙwallo ake kallo, rabin mutane sun daina zuwa.

Shekaranjiya da safe na fito daga wanka, na tarar kujerar falo ta bar wurinta, tana jikin kabad. A ƙasa, silifas ɗin uwargida, a jere.