Kashi Arba'in

Tun ranar Litinin muke bin guguwar. A hoton tauraron ɗan adam ba ta fi ɗan curin gajimare ba, can tsakiyar teku, amma kafin Laraba ta fara juyawa, har ta yi ido a tsakiyarta, alamar ta yi ƙarfi. Aikina a ofishin hasashen yanayi shi ne duk awa uku in ɗiga inda take a taswira, in ja layi. Layin nan kuwa ya ƙi nuna inda ya dosa. Ko ta miƙe arewa ta mutu a ruwa, ko ta karkato yamma ta bi ta kan tsibirin da Innata take zaune. Jirgin ruwa na ƙarshe da zai kwaso mutanen tsibirin ƙarfe huɗu zai tashi.

Inna ta ce ba inda za ta. Bara ni na sa ta taso, guguwa ta wuce abinta, ta koma ta tarar awakinta biyu sun yi ɓatan dabo. Har yau gorin bai ƙare ba.

Ƙarfe uku na saka sabon ɗigo. Dogo, abokin aikina, ya leƙo ta bayana yana tauna murfin biro.

"Yiwuwar ta bi ta tsibirin kashi arba'in ne cikin ɗari," ya ce. "Ko ƙasa da haka ma."

Haka muke. A wannan aikin ba a cewa tabbas. Dogo ko sunansa ka tambaya sai ya ce maka wataƙila. Ni ma shekara goma sha ɗaya ban taɓa faɗin abin da lissafi bai ba ni ba, kuma ina ji da wannan ƙwarai.

Na fito baranda na kira Inna a waya. Tsoro nake ji.

"Inna, ki kama hanyar jirgi."

"Ke 'yar nan, kada ki kawo min wataƙilarku. Za ta zo ko ba za ta zo ba?"

"Za ta zo, Inna. Tabbas."

Na ji kukan akuya a bayanta, sannan ta kashe wayar.

Na dawo na zauna gaban taswira, na kasa haɗa ido da Dogo, don tagar baranda a buɗe take kuma kunnensa ƙalau. Shi kuwa sai ya turo min kofin ruwa.

Huɗu da minti goma wayata ta yi ƙara. Rugugin inji na fara ji kafin muryarta.

"Na shigo. Awakin na bar wa Allah."

"Inna, abin da na faɗa miki..."

"Ƙarya kika yi, na sani. Ni na haife ki." Ta ja numfashi. "Ai shi ya sa na taso. Duk abin da ya sa ki ƙarya, ni ba zan tsaya in gan shi ba."