Tayi na Uku

Shekarata hamsin da bakwai, kuma har yau idan ina tura keken kaya a kanti, ina yin kukan inji da baki. Ƙasa-ƙasa nake yi, ba don kowa ya ji ba. In na zo kwana wajen layin shinkafa sai in rage gudu, in karya, in sake takawa. Matata Fumie ta daɗe da ganewa, shi ya sa take tafiya can gaba kamar ba tare muka zo ba.

To, wannan mutumin ne ya tashi ya sayi motar tsere.

Lokacin dai ba ta zama ta tsere ba tukuna. Wata tsohuwar ƙaramar mota ce mai kujera biyu da rufin yadi, na same ta a filin wani dillali mai suna Onozato, tsakiyar gonakin shinkafa a bayan garin Shibukawa. Ja ce a da. Rana ta mayar da ita kalar busasshen tumatir.

"Hosoya-san, motar likita ce," in ji Onozato. "Ran Lahadi kawai yake fita da ita."

"Likitan shanu? Ga ciyawa nan har ƙarƙashin kujera."

"Ka gani ko? Mutum ne mai son shan iska."

Na tayar da ita, inji ya yi tari sau biyu sannan ya kama. Ban ƙara tambayar komai ba. Onozato ya yi ta sunkuyawa har na fita daga filin, irin sunkuyon wanda aka sauke wa kaya daga ka.

A ƙasarmu ba a ba mota lamba sai 'yan sanda sun zo sun auna inda za ta kwana. Gidanmu kuwa wurin mota ɗaya ne, kuma da mota a kai. Abin da ya rage shi ne ɗan lambun Fumie na gefen katanga, inda take shuka albasa da gauta tun Miki 'yarmu tana rarrafe. Na yi kwana da kwanaki ina zagaye maganar. Ita ta gaji ta yanke.

"Baban Miki, takardar gwajin motar nan yaushe za ta ƙare?"

"Ƙarshen Nuwamban baɗi."

"To ranar da ta ƙare ina son ƙasata. Tsere ɗaya. Ka je ka yi haukanka sau ɗaya, ka dawo mini da ƙafafunka biyu."

Tsere ɗaya. Na amsa da sauri, don ban taɓa zaton zan samu ko rabin ɗaya ba. Na shimfiɗa bulo a kan lambun tana kallona ta taga.

Daga nan na daina sanin hutun ƙarshen mako. Na cire kafet, na cire rediyo, na cire na'urar sanyi a tsakiyar bazara, abin da mai hankali ba zai yi ba. Na canza birki da kuloci da lagireto. Na kai ta aka yi mata waldar kejin ƙarfe a ciki. Tsatsar da na kankare a ƙarƙashinta ta isa a ƙera wata motar. Maƙwabta ba sa son ƙara ran Lahadi, don haka nakan nannaɗe guduma da tsumma in yi ta bugu kamar ɓarawo. Kujerar tseren da na saya ta hannu, da alama an yi ta ne don wani ɗan saurayi marar ciki, na zauna na kasa fita sai da Fumie ta ja ni. Kujera ba ta faɗaɗa, sai ni na ƙanƙance: na bar taliya, na bar shinkafar dare, na rayu a kan kabeji kamar zomo. Da na gama na kai ta wurin bauta don a sa mata albarka, aka buɗe ƙofofi da bonet, mai addu'a ya kaɗa mata farar takarda. Ya daɗe a kan injin. Ina jin shi ma ya ga abin da na gani.

Tseren da na zaɓa na 'yan sha'awa ne, awa uku, a wani ƙaramin fili can saman duwatsu, tsakiyar Nuwamba. Sharaɗinsu ɗaya ne ya dame ni: kowace mota direba biyu. Na duba rayuwata kaf, mutum ɗaya na gani. Kuroiwa.

Kuroiwa ya girme ni da aji uku a ƙungiyar motoci ta jami'a, wato dai senpai ne, babban da zan girmama har kabari. A zamaninmu ana ba da labarin yadda yake gangarowa daga dutse da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da taba. Ni ne nake wanke masa taya. Yanzu ya yi ritaya, gashi ya tafi, yana kiwon kifin ado. Na je gidansa da kwalin alewar wake.

Ya ja iska ta haƙora. "Kai, Hosoya. Mun tsufa fa."

"Senpai, ba ni da kowa sai kai."

"Babu kowa? Ko a ofishinku?"

"Babu."

"To. In dai babu kowa."

Sau biyu ya zo ganin motar. Hannu a baya, ya zagaya ta, ya taɓa taya da bakin takalmi, ya ce, "Hmm." Sifana ko ɗaya bai ɗauka ba. Ban ji haushi ba a lokacin. Senpai ba ya shiga ƙarƙashin mota.

Tsarin a raina a bayyane yake: ni zan fara, in yi rabin farko, shi ya ƙarasa. Tashin nan nake so. Motoci talatin a jere, kowa yana taka inji, a saki tuta. Shi nake gani tun ina wanke taya.

Ran tsere da safe muna rumfarmu ta bakin filin tsere, na riga na sa rigar tsere, hular kwano a hannu. Sai tarbiyya ta motsa. Ba a shiga gaban babba ba tare da an yi masa tayi ba, ko a ƙofar gidan wanka ne.

"Senpai, kai za ka fara mana."

"A'a, a'a. Motarka ce, guminka ne."

Daidai. Haka ya kamata ya ce.

"Haba, ina ni ina shiga gabanka?"

"Hosoya, shiga motarka. Ni na biyu ya ishe ni. Ko ban shiga ba ma babu komai."

A nan ya kamata in yi shiru in sa hulata. Ko yaron da ke goye ya san tayi biyu kara ce, na uku shi ne na gaske. Amma rumfar da ke gefenmu ta wasu likitocin haƙori ce daga Saitama, kuma babbansu, wani mai furfura, yana sauraronmu yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ke cewa har yanzu akwai masu ladabi a ƙasar nan. Gyaɗawar ta yi mini daɗi. Na so ya ƙara ɗaya. Sai na haɗa ƙafafu na sunkuya sosai.

"Senpai, in ba kai ka fara ba, ba zan iya ɗaga kaina a wurin nan ba."

Kuroiwa ya daɗe yana kallona. Ya kalli likitocin, su ma suna kallonsa.

"To," ya ce. "Tunda ka ce haka."

Ya ɗauki hularsa. Ni na ɗaure masa bel. Ni na rufe masa ƙofa.

Aka saki tuta ina tsaye a bakin katanga da allon kira a hannu. Motoci suka wuce kamar an ɓare gidan zuma. Tawa ta biyo baya a hankali, kamar motar mai gasasshen dankali tana neman masu saye. Gwanin dutse ke nan, mai hannu ɗaya. Zagaye bayan zagaye ana wuce shi ta hagu da dama. Na ce a raina ba komai, ya lallaɓa mini ita, rabina yana nan.

Wajen awa guda sai hazo ya fara saukowa daga kan dutse. Da farko ya cinye bishiyoyi, sannan ya cinye kwanar can nesa.

Likitan mai furfura ya matso. "Maƙwabci, hazon nan ba zai bari a gama ba. Mu mun canza direba tuni. Ka kira naka."

"Lokacinsa bai cika ba."

"Lokaci? Dubi sama mana."

Na jera haruffan a kan allo: SHIGO. Na ɗaga shi har ƙirji. Sai na tuna ni na roƙe shi da bakina a gaban mutane. In kira shi yanzu, na ce masa ke nan a bainar jama'a bai iya ba, in ba shi abu da dama in ƙwace da hagu. Ya zo wucewa na sauke allon. Zagaye na gaba, na ce. Ya sake zuwa na sake saukewa. Shi kuma da yake da idanu, yana ganin hazon nan kamar yadda nake gani, bai ga dama ya shigo da kansa ba.

Ina sa hular kwano aka ɗaga jar tuta. Motoci suka shigo a jere, fitilu a kunne. Muka yi ta jira. Ban cire hular ba, ina zaune a kan taya kamar wanda zai je wata. Can aka yi shela ta lasifika cewa an tsayar da tseren, ana ba kowa haƙuri, ana gode wa kowa.

Kuroiwa ya fito daga motar da ƙyar, ya dafa katanga. Ya sunkuya mini.

"Mota mai kyau. Na gode da karamci."

Shi ke nan. Ko haƙuri babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni kuwa na sunkuya fiye da shi na ce, "Sannu da ƙoƙari, Senpai." Ina da tarbiyya ai.

Na tuƙo ta gida cikin hazo, ina bin bayan wata motar kabeji. Ƙarshen wata Onozato ya zo da babbar mota ya ɗauke ta. Ya leƙa ciki, ya ga babu kafet babu rediyo, ya tambaye ni me zai ce wa mai saye. Na ce ya ce masa motar likita ce. Kafin la'asar Fumie ta ɗage bulo ta fara kaftu.

Da sabuwar shekara ban aika wa Kuroiwa katin gaisuwa ba, karo na farko tun muna jami'a. Nasa ya zo, na sa shi ƙarƙashin tukunyar shayi. Duk wanda ya zauna kusa da ni a wurin cin abinci sai ya ji labarin: yadda mutum zai karɓi tayin da ya san ba na gaske ba ne, ya zauna a kujerar da wani ya yi yunwa don ya shiga, ya yi ta yawo da ita kamar mai zuwa kasuwa har sama ta rufe. Abokan aiki suka fara cin abinci a teburinsu.

Da albasar Fumie ta yi kai, wata rana ta dawo daga kanti ita kaɗai, tana jera kaya a firji.

"Na haɗu da matar Kuroiwa."

"Oho."

"Shi ma yana nan waje riƙe da ledoji, suna jiran bas."

"Bas? Ina motarsa?"

"Sun sayar." Ta rufe firjin. "Ta ce mako guda kafin tseren nan ko abinci bai iya ci ba don fargaba. Ta ce a tambaye ka, sau nawa mutum zai ce maka a'a?"

Ashe ran Litinin ɗin da ta biyo bayan tseren, Kuroiwa ya je ofishin 'yan sanda ya mayar da lasisinsa na tuƙi, kamar yadda tsofaffi suke yi idan tuƙi ya fi ƙarfinsu.