Kwanon Man-gil a Gindin Hasumiya

Ni ban yarda da bokanci ba. Amma a tsibirinmu ni kaɗai ke iya matsawa da jirgi kusa da dutsen hasumiya, shi ya sa uwar Man-gil ta zo wurina.

Hasumiyar ta girmi kakana. Fitilarta na ci har yanzu, sai dai tun da aka janye masu gadi babu mai kaɗa ƙararrawa in hazo ya rufe teku. Cikin irin wannan hazon jirgin kamun kifin Man-gil ya daki dutsen. An tsinci katako, shi ba a gan shi ba. A wurinmu wanda ruwa ya ci ba ya hutawa sai an tsamo kurwarsa. Kwanon da yake cin abinci ake cikawa da shinkafa, a rufe, a ɗaure a bakin dogon farin ƙyalle, a jefa inda ya nutse. In aka jawo aka ga silin gashi a ciki, to kurwar ta shigo, sai a kai gashin kabari.

Da safe muka fita, ni da tsohuwar, uwar Man-gil, da wata bokanya, Geum-rye, wadda tun daga bakin gaɓa take sheƙa amai.

Na ce, "Aljanun naki ba sa maganin jiri ne?"

Ta ce, "Riƙe jirginka, mai warin kifi."

Muka jefa kwanon, muka jawo, shinkafa zalla. Muka sake, haka. Tsohuwar ta ce mun yi nisa, yaron ba ya jin ta, in matsa gindin dutsen. Na gaya mata duwatsun ƙarƙashin wurin sun fi wuƙa kaifi, za su yanke ƙyallen.

Ta kira ni da sunan ɗiyata, ta ce, "Uban Sun-deok, ni na yi goyonka ranar da uwarka ta kwanta ciwo. Matsa."

Na matsa. Ta jefa da hannunta tana kiran sunansa, tana cewa abinci ya nuna. Igiyar ruwa ta ja ƙyallen cikin tsaguwar dutse. Na ji ya ɗaure, sai kuma ya saki. Abin da muka jawo yagaggen ƙyalle ne, babu kwano.

Geum-rye ta raɓo kusa da ni ta buɗe tafinta. Silin gashi ne naɗe a ɗan yatsanta. Ta raɗa mini cewa a jifan ƙarshe take saka shi cikin kwanon a ɓoye, don tsofaffi su samu barci. Na ce to a samo wani kwanon mana. Ta ce tsohuwar ta san kurwa ba ta shiga kwanon wani.

Uwar Man-gil na zaune tana naɗe ragowar ƙyallen a gwiwarta, ba ta yi kuka ba. Can ta tambaye ni ko ruwan gindin dutsen na da sanyi sosai in hunturu ya shigo.

Na ce yana da shi. Na tayar da inji.