Takardar Jan Biro

…kuma a kan wannan ɗan benci aka zaunar da ni, gwiwoyina har ƙirji, kamar mai laifi. Ajin sai warin alli. Na leƙa bayan ƙofa, na leƙa ƙarƙashin tebur — ko bulala ɗaya babu. To da me ake tarbiyya a nan?

Malamar nan autata ma ta girme ta. Sai zuba take, Iya kaza, Iya kaza. Wai ta dawo da jikata Barkono gaba, kusa da teburinta. Wai ta ba ta aikin goge allo, don hannunta ya samu abin yi ya bar 'ya'yan mutane. Wai duk ranar da ba ta taɓa kowa ba sai a manna mata tauraro a bango. Tauraro! Ni da na raini 'ya'ya bakwai da tsumagiya ɗaya…

Bakwai. Ɗana, uban yarinyar nan, har yau daga bakin ƙofa yake gaishe ni. In ya zo ke nan. Ladabi ne. Ladabi ne mana — ko?

Ga layinta can a bango. Taurari biyar a jere, sai fili. Fili har ƙarshe. Ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga.

Rana ta biyar ɗin… ta faɗo gida da gudu, ko takalmi ba ta cire ba, tana miƙo mini takarda. Jan biro sama da ƙasa. Ni kuwa na san jan biro. Duk takardar da aka taɓa aiko mini da ja, ƙara ce: ta ciji wance, ta yaga littafin wane. Ban tambayi kowa ba. In kai wa maƙwabta su karanta mini abin kunyata? Na murɗe kunnenta, na kwance igiyar shanya… takardar kuma na hura gawayi da ita.

Ashe yabo ne. Kwana biyar ba faɗa, a taya ta murna a gida. Haka malamar ta ce ta rubuta.

Na taya ta kuwa.

Washegari ta fasa wa wata baki. Yanzu shugaban makaranta ya ce saura faɗa ɗaya — ɗaya tak — a kore ta. Ta koma ina? Tsakar gida, ni da ita da igiya?

"Iya, kullum ki faɗa mata abu ɗaya mai kyau da ta yi. Ɗaya kawai," in ji malamar.

Ina ta lalube a bakina, babu. Ni wa ya taɓa faɗa mini? In na share, a ce sake. In na sake, shiru. Shirun nan shi ne yabon.

Ga Barkono an shigo da ita, ɗankwali ya zame. Na ɗaga hannu in gyara mata — ta runtse ido, ta kare kanta da tsumman allo.

Hannuna yana nan a sama. Ban san inda zan ajiye shi ba.