Ɗige-ɗigen da Tela Ya Gani

Bayan an cire wa tsohon tela yanar ido, likita ya hana shi zama gaban keken ɗinki sai ya warke sarai. Zaman banza ya ishe shi. Ran nan da magariba, cikin zafin bazara, ya bi 'yarsa saman bene kwashe shanya. Yana ɗaga kai ya tsaya cak da riga a hannu.

"Ke, yaushe aka ƙaro su?"

"Su wa, Baba?"

"Taurarin nan. Rabona da su tun kina goye."

Ta yi dariya. "Suna nan, kai ne ka yi tafiya."

Kashegari ta aro masa madubin hangen nesa wurin abokiyar aikinta, ta sa taswirar sama a wayarta. Kaza da 'ya'yanta ya gane da kansa, ga su can yamma suna shirin faɗuwa. Sauran kuwa sai da ta karanta masa: mai ƙyafta ido tauraro ne, wanda haskensa ya tsaya cik duniya ce irin tamu.

Ya kafa gwiwar hannu a kan katanga, ya saita madubin a kan wani mai haske da ba ya ƙyaftawa. Ya daɗe yana kallo. Da ya sauke, fuskarsa ta canza.

"Gobe ki mayar da ni asibiti."

Ta matso kusa da shi. "Zafi yake yi?"

"A'a. Wasu ɗige-ɗige huɗu nake gani a gefen mai hasken nan, a jere kamar sawun allura. Aikin bai yi ba."

Ta karɓi madubin ta leƙa. "Baba, ai ni ma ina ganinsu."

"To, sai a duba mu tare."

Ta lalubo a waya. Duniyar sunanta Mushtari, ɗige-ɗigen kuma manyan watanninta ne, suna kewaya ta.

Tela ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a kan bokitin wanki. "Ita kaɗai da wata huɗu, mu aka bar mu da ɗaya tilo?"

Kashegari da magariba ya riga 'yarsa hawa. Ɗige-ɗigen sun sauya wuri, ɗaya ma ya ɓuya. Ya leƙa tsakar gida ya ƙwala wa matarsa kira. Ta ce gwiwarta ba ta son matakala.

"Taho a hankali," ya ce. "Ni zan riƙe ki."

Ta yi mita har saman, amma da ta karɓi madubin sai da ya roƙa kafin ta mayar masa.