Teburin Lungu

Tun da idon Baba Tela ya mutu, ko ƙofar gida ya daina leƙawa. Shi ya sa da 'yarsa Auta ta buɗe ajin saƙa tabarma da tsofaffin ledoji a ɗakin taron unguwa, shi take hari, sauran jama'a 'yan rakiya ne. Da ƙyar ya yarda zai je sau ɗaya.

Auta akwai son tsari, har yakan yi yawa. Ta sa an shimfiɗa katako a kan matakala saboda masu keken guragu, ta rage tsayin tebura, ta samo almakashi masu faɗin mariƙi. Baba kuwa ta ware masa teburinsa shi kaɗai a lungu, nesa da hayaniya, ta yayyanka masa ledojin tsaf. Aikinsa kawai ya jera su a kwali.

Ya yi ta jerawa. Can tsakiyar ɗaki ana ta dariya, ana tsokanar wani direba da tabarmarsa ta fito kamar hula. Baba ya kasa kunne, ransa ya ɓaci.

"Auta, miƙo min sandata. Zaman kaɗaici ai ina da shi a gida, ba sai na sa takalmi ba."

Ta san in ya fita, ya fita ke nan.

Sai ga Goggo Aku, wata dattijuwa da surutu ya jawo mata wannan suna, ta gangaro da kekenta.

"Malam tela, ni ina da ido, hannu ne ke rawa. Tun ɗazu ƙulli ɗaya ya gagare ni. Ara min naka."

Ba ta jira amsa ba, ta sa aka jawo kujerarsa tsakiya. Ita ke zaɓo launi ta faɗa, shi ke saƙawa.

"Ga ja."

"Ja kuma? Tabarma muke yi ko motar kashe gobara?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Auta ta tsaya riƙe da kwalin, kunya da daɗi sun haɗe mata.

Tabarmar dai ta fito a karkace, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

A hanyar gida Baba ya ce, "Wancan teburin na lungu, a riƙa ajiye jakunkuna a kai."

"To, Baba."

"Kuma sati mai zuwa mu fito da wuri, kada matar nan ta samu wani hannun."