Farin Layi a Kan Dutsen Dobrivoye

Radisha na tafe a sunkuye da gwangwanin farin fenti, yana shata inda za a haƙa ramin bututun gas, sai layin ya kai shi gaban wani ɗan dutse a bakin titin ƙauyen. Hoton saurayi ne manne a jikinsa, ga furannin roba da guntun kyandir. Takardar injiniya kuwa ba ruwanta, ta tsakiyar dutsen ta ratsa.

"Ɗana ne, Dobrivoye," in ji wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali da ta fito daga gidan da ke kusa. "Nan babbar mota ta take shi. Kabarin yana birni inda matarsa ta kai shi, ni kuma ƙafata ba ta kai can. Nan nake zuwa mu yi hira."

Sunanta Milunka. Radisha ya dubi takarda, ya dubi tsohuwa, tausayi ya kama shi. Ya karkatar da layin taku biyu wajen titi, ya zagaye dutsen.

"Kwantar da hankalinki, Baba. In injiniya ya yi faɗa, na saba."

Da hantsi Zorka ta iso da na'urarta. Ita ke gano abin da ke binne kafin a sa motar haƙa, kuma cikin farin layi kaɗai take dubawa.

"Radisha, da barasa ka karya kumallo ne? Wannan layi kamar maciji!"

Tana shiga kwanar da ya yi wa layin, na'urar ta fara kuka. Ta fesa jan fenti a ƙasa: alamar wayar lantarki. Radisha ya roƙe ta ta gwada ta bayan dutsen. Nan ma kuka, ta fesa shuɗi: bututun ruwa. Da ta ɗora na'urar daidai kan dutsen, shiru.

"Masu lantarki sun zagaye shi," in ji Milunka. "Masu ruwa ma haka. Yaran kirki, har kofi na dafa musu."

Zorka ta daina tsokana. Ta ja Radisha gefe.

"Kowa ya riga ka jin tausayi, ɗan'uwa. Hagu wuta, dama ruwa. Babu inda ya rage sai ƙarƙashinsa."

Radisha ya kira injiniya a waya sau uku. A na ukun aka ɗauka, aka ce motar haƙa na zuwa ranar Litinin.

Radisha ya tsaya da gwangwani a hannu, baƙin ciki ya cika shi, ya kasa ko ɗaga ido. Tsohuwar ta riga ta gane. Da ƙyar ta durƙusa ta kwashe furannin, sannan ta kwance ɗankwalinta ta lulluɓe hoton.

"Yi aikinka, ɗana," ta ce. "Kada dai fentin ya taɓa masa fuska."